Yaron Da Karatu Ya Yi Wa Nauyi

Yau za mu ajiye alli tukuna, mu yi magana a kan 'ya'yanmu.

Kusan kowane gari akwai wani irin yaro. In an aike shi kasuwa ba ya ɓatar da canji. In an yi tatsuniya da dare, gobe shi zai maimaita ta tun daga gatanan gatananku har ƙurunƙus. Amma da an ajiye masa littafi a gaba sai ya tsaya cik. Shekara biyu, shekara uku yana zuwa makaranta, har ƙannensa su wuce shi. Malam ya ce daƙiƙi ne, uba ya ce ƙyuya ce, sai bulala. Daga nan a cire shi, a ce ya bi shanu.

Mu da muka zauna koyon karatu da girmanmu mun san yadda b da d da ɓ da ɗ suka wahal da mu a makon farko. Mu dai mun sha wuyar, ta wuce. Shi wannan yaro kullum a makon farko yake.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan abu. Wani likitan ido na ƙasar Jamus, Rudolf Berlin, ya raɗa masa suna disileksiya. A 1896 kuma wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro mai shekara 14, mai kaifin hankali, wanda karatu ya gagare shi. Malamin yaron ya ce da a ce da baki kaɗai ake koyarwa, da shi ne na ɗaya a makarantar. A zamanin an zaci laifin gani ne. Yanzu an gane ba ido ba ne, saboda haka tabarau ba ya maganinsa.

To, ina wahalar take? Ku ce "rago". Sauti huɗu ne a jere, r, a, g, o, kamar duwatsu huɗu a zare ɗaya. Karatu shi ne a ba kowane sauti harafinsa. Yaro mai disileksiya yana jin kalmar a dunƙule, rarraba ta yana yi masa wuya, haɗa sauti da harafi kuma ba ya zama a kansa da sauri. Haka aka haife shi, kuma abin yakan bi jini. Sau da yawa in aka duba sai a tarar da uba ko kawu wanda shi ma haka ya yi fama.

Akwai masana da aka koya wa gwada irin waɗannan yara. Amma kafin a kai ga gwaji, lalle a fara duba kunne da ido a asibiti. Yaron da ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda, ko wanda kunnensa ke zubar da ruwa, yana iya zama ba ya jin malam sosai, ba wanda ya lura.

Gwajin ba allura, ba ɗibar jini. Mai gwaji zai ce wa yaro, "Ce tasa. To, cire ta, me ya rage?" Zai ba shi kalmomin da ba su da ma'ana, kamar "nilo" ko "bafu", ya karanta, don a tabbata ba hadda yake yi ba. Zai nuna masa hotuna, ya faɗi sunayensu da sauri. Zai faɗi lambobi ya ce ya maimaita, ya kuma yi masa shifta. Sa'an nan ya karanta masa labari, ya yi masa tambayoyi. A nan ne yaron nan yakan ba da mamaki, ya amsa duka.

Bayan haka sai a ba mu takarda mai lambobi. Kada lambobin su tsorata mu. A yawancin gwaje-gwajen nan 100 ita ce tsakiya, kuma kusan kashi biyu cikin uku na yara suna tsakanin 85 da 115. Wani lokaci kuma a rubuta cewa yaro yana mataki na 16 cikin 100. Wannan ba makin jarrabawa ba ne. Nufinsa, in aka jera sa'o'insa ɗari, ya fi kamar goma sha shida daga cikinsu a wannan fanni. Abin da za mu duba shi ne bambanci. In ya yi sama wajen fahimtar labarin da aka karanta masa, ya yi ƙasa ƙwarai wajen rarraba sauti da shifta, to wannan ita ce kamar disileksiya.

Kada mu ji nauyin tambaya. Mu ce, "Ranka ya daɗe, da wane harshe aka gwada shi?" Yawancin gwaje-gwajen nan an tsara su ne da Turanci, aka auna su a kan yaran Ingila ko na Amurka. Yaron da Hausa kaɗai yake ji, in aka gwada shi da Turanci, tilas ya faɗi, ko da lafiyarsa lau. Haka wanda rabin shekara yana gona bai zo aji ba. Juya harafi kuma, a rubuta d a wurin b, ƙananan yara da yawa suna yi har wajen shekara bakwai. Shi kaɗai ba shaida ba ne.

In an tabbatar, ba ƙwaya, ba rubutun sha da zai kawar da shi dare ɗaya. Maganinsa koyarwa ce a tsanake: sauti ɗaya, harafi ɗaya, ya faɗa da baki, ya zana da yatsa a ƙasa, kullum kaɗan-kaɗan. Mun yi dace, rubutun boko na Hausa yawanci yadda ake faɗa haka ake rubutawa, ya fi Turanci sauƙi nesa. A fara masa da Hausa. Bulala kuwa a ajiye ta, ba abin da take koya masa sai tsoron littafi.

Yanzu ga inda muke so ku saurara da kyau. Takardar nan tambaya ɗaya ta amsa, watau tambayar karatu. Wata uwa za ta karɓa, a bayyana mata, amma zuciyarta ba ta kwanta ba. Ta san tun yana goye in an kira sunansa ba ya waiwayowa, alhali yana jin motsin kwano. Bai taɓa nuna mata tsuntsu da yatsa don ta gani ba. Magana ta zo masa a makare, ko kuwa abin da aka faɗa masa shi yake maimaitawa. Yakan jera duwatsu a layi, in an taɓa ɗaya ya yi ta kuka. In injin niƙa ya tashi ya toshe kunne. In an sake hanyar zuwa rijiya ranar ba zaman lafiya. Disileksiya ba ta kawo waɗannan.

Waɗannan alamu suna iya zama na wata lalura dabam, wadda likitoci ke kira otizim. Wasu kan ce galahanga, amma wannan kalma ana laƙaba ta ga lalurori iri-iri, gara mu riƙe sunan da za a gane a asibiti. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta a 1943, bayan ya lura da yara 11. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin ɗari ke da ita. An fi ganinta ga maza, amma mata ma suna yi. Ba maita ba ce, ba laifin tarbiyyar uwa ba ne. Ba kuma allurar rigakafi ke kawo ta ba. Wani rahoto da aka buga a Ingila a 1998 ya jawo wannan zargi, aka bincika aka ga ba gaskiya ba ne, mujallar ta janye shi a 2010.

Ta yaya za mu rarrabe? Mu dubi yaron a dandali. Mai disileksiya kaɗai yakan yi shiru a aji don kunya, amma da an tashi shi ne gaba wajen langa. Mai otizim kuwa a aji da gida da dandali halinsa ɗaya ne, kuma tun yana ƙarami. Wani ma yakan karanta shafi guda ba gargada, a tambaye shi abin da ya karanta ya rasa. Sunkuyar da kai gaban manya ba ya cikin lissafi, wannan ladabi ne da mu muka koya musu. A duba yadda yake da uwarsa da sa'o'insa. Yaro ɗaya kuma yana iya haɗa lalurorin biyu, shi ya sa samun takardar farko ba ya hana neman ta biyu.

Wannan dubawa aikin likitan yara ne ko likitan ƙwaƙwalwa. Mu fara da asibitin da ke kusa, mu roƙi takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin yaro mahaukaci ne. Jini ko hoto ba sa nuna otizim. Likita zai zauna ya kalli yadda yaro ke wasa da magana, ya yi tambayoyi masu yawa a kan ƙuruciyarsa. Wataƙila a ce a dawo sau biyu ko uku.

Don haka kada maigida ya tafi shi kaɗai da yaro. Wadda ta goya shi ita ta san watan da ya zauna, da lokacin da ya fara cewa "baba". A tafi da ita, a tafi da takardar gwajin farko, da littafinsa na makaranta, da katin asibiti in akwai. In yakan yi farfaɗiya, ko yakan ƙura ido ya ɗauke na ɗan lokaci, a faɗa wa likita tun da fari, gama wannan yana da magani.

Ga kuma wurin da alƙalaminmu zai yi amfani. Tun daga yau har ranar tafiya, kowane dare mu rubuta layi ɗaya ko biyu: abin da yaron ya yi, da wurin, da abin da ya faru kafin ya yi. Kada mu rubuta "ya yi rigima". Mu rubuta "Talata, an ba shi tuwo a wani kwano ba nasa ba, ya ƙi ci har dare." Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya zo da takardarsa aji, mu rubuta tare bayan an tashi.