Allon da ya sa na yi wa manoma ƙarya

Godiya ta musamman ga waɗanda suka taso daga Belbeji da Gangara da Bakin Birji tun da asuba, na san halin hanya.

An ce in yi magana a kan irin allon da ya kamata mai haɗa bidiyo ya saya, abin da mu a nan muke kira ekaran. Da wani abokina ya ji, sai ya yi dariya, ya ce, "A Damargu da mutane ke neman ruwan sha, kai za ka tara jama'a a Tanut ka yi musu zancen allo?" Yana da gaskiyarsa. Amma bari in ba ku labarin abin da ya same ni tukuna.

Wata damana ruwa ya ɗauke tun gero bai gama cika ido ba. Mutanen wani ƙauye a ƙaramar hukumar Tarka suka aiko a kira ni in ɗauki gonakinsu. Kun san yadda ake yi a ƙasar nan: ƙarshen damana ma'aikatan gona kan ƙididdige garuruwan da suka samu giɓin cimaka, kuma garin da ya shiga lissafi shi ake fara tunawa idan an zo sayar da hatsi da rahusa ko rabon taimako. Su dai so suke a ga halin da suke ciki. Na je, na ɗauka. Ganye ya koma ruwan ɗorawa, kara bai wuce ƙugu ba. Wani dattijo mai farar riga ya murje zangarniya a tafin hannunsa, ya hura, babu abin da ya rage sai ƙaiƙayi.

Na koma Damagaram na zauna montaji da tsakar dare, don a lokacin aka kawo wuta. Kwamfutar hannu ce tsohuwa, kuma akwai wani saiti a cikinta da ke mayar da allo ja-ja in dare ya yi, wai don ido ya huta. Na manta yana kunne. Ina kallon hoton sai na ga komai ya yi rawaya da yawa, har rigar baba. Na ce kyamara ce ta ɓata. Na riƙa rage rawayar, ina ƙara shuɗi, har rigar ta yi fari tas a idona. Na fitar, na tura ta WhatsApp, na kwanta ina jin na yi aiki.

Washegari yaron da ya raka ni gonakin ya kira. Bai ko gama gaisuwa ba ya ce, "Yaya, wace gona ce wannan ka ɗauka?" Na buɗe bidiyon a wayata. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Rigar baba ta koma shuɗi-shuɗi, ganyen da ya bushe ya yi kore-kore kamar wanda ya sha ruwa shekaranjiya. Sun riga sun nuna wa wani ma'aikaci, ya kalla ya ce, ai gonar nan ba ta kai lalacewar da kuke faɗa ba. Mutumin bai yi laifi ba, abin da na ba shi ya gani. Bidiyon da aka yi don ya tsaya musu shaida, shi ya tashi ya ƙaryata su.

Tun daga ranar nake kallon allo kamar tiya. Duk wanda ya taɓa awo a kasuwar Bakin Birji ya san in tiya ta lotsa, ko kai waliyyi ne awonka ba zai cika ba. Kuma wanda aka tauye ba ya tambayar niyyarka.

To, ya ake gane tiya mai kyau?

Abu na farko da nake dubawa shi ne irin gilashin, tun kafin in tambayi girma ko kamfani. Akwai wanda ake kira TN, shi ne a yawancin tsofaffin kwamfutocin hannu da allunan ofis masu arha. Akwai IPS. Ba sai ka iya karanta kwali ba. Buɗe hoton fuskar mutum, ka sunkuya ka kalle shi daga ƙasa, ka miƙe ka kalle shi daga sama. In TN ne, daga ƙasa fuskar za ta yi duhu, daga sama ta koɗe. IPS yakan tsaya kusan yadda yake. Wannan ya fi damunmu fiye da wasu, saboda mu ba ma montaji mu kaɗai. Kana aiki mutum biyar na tsaye a bayanka, wannan na cewa ƙara haske, wancan na cewa rage, alhali kowa hotonsa daban yake gani.

Ga kuma fatarmu. Ka ɗauki baƙin mutum da farin rawani, rana tsaka, rairayi na ƙyalli a bayansa: babu abin da ya fi wannan wahala ga kyamara. Dukan bayanin fuskar yana cikin ɓangaren duhu na hoton, kuma a nan ne mugun allo ke haɗiye komai. Matsalar ma ta girme mu. Shekaru da yawa kamfanin Kodak a Amurka yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton farar mace, da shi suke daidaita injinansu, sai baƙar fata ta riƙa fitowa kamar inuwa. Su an yi musu awo da tiyar wasu. Mu yanzu tiyar tana hannunmu, kar mu maimaita wa kanmu.

Bayan gilashi sai launi. A jikin kwali ko a intanet ku nemi inda aka rubuta sRGB, ya kasance kashi 99 ko kusa da haka. Launukansa ɗaya ne da na ma'aunin bidiyo da ake kira Rec. 709, wanda yawancin abin da muke sawa a Facebook da YouTube ke bi. Sauran manyan lambobin da mai shago zai jero muku, 144 Hz, 165 Hz, na masu wasan gem ne. Mu hoto 25 ko 30 muke ɗauka a daƙiƙa, allo mai 60 Hz ya ishe mu har da saura. Rubutun HDR a kan allo mai arha kuwa, ku ɗauke shi kamar kirarin maroƙi.

Girma, inci 24, masu shago na cewa pus 24, mai ɗigo 1920 da 1080. Shi nake ba kowa shawara. In za ka hau inci 27, nemi mai 2560 da 1440, in ba haka ba rubutu zai riƙa yi maka dishi-dishi. 4K yana da kyau, ban ce ba shi da kyau ba, amma tsohuwar kwamfuta za ta yi ta nishi, kuma a ƙarshe WhatsApp zai matse bidiyon ya zubar da abin da ka sha wahala a kai.

Na san abin da wasunku ke rayawa: ga talabijin a gida, inci 43, me zai hana in jona? Jona, in shi ke gare ka. Sai dai talabijin an yi shi ne don ya burge mai saye a shago. Yana ƙara launi, yana ƙara kaifi, yana shafe hoto ya yi santsi. Ka shiga saitinsa ka mayar da shi na sinima, ka kashe duk wani abin da ya ce zai gyara maka hoto da kansa. Ko da haka ni ba na yanke hukuncin launi a kansa.

Kuma talabijin yana cin wuta, wanda a wurinmu ba ƙaramin zance ba ne. Mutanen Damagaram ba su manta watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo lantarki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Wanda ke aiki da sola ya yi wannan lissafin da ni. Batir mai volt 12 da amfiya 100, wat 1200 ke nan na awa ɗaya. In irin mai ruwan nan ne, rabi kawai za ka ja in kana so ya yi kwana, saura 600. Kwamfutar hannu tana montaji, mu ce wat 50. Allo mai inci 24, wajen wat 20. Jimla 70, ka samu kusan awa takwas, ka cire abin da na'urar juya wuta ke sha. Sa babban talabijin mai cin wat 80 ko 90 a madadinsa, aikinka ya dawo awa huɗu da ɗan kai. Wanda ya taɓa ganin wuta ta ɗauke bidiyo na kashi 90 wajen fita ya san darajar awa huɗun nan.

Ana yawan tambayata, allo ɗaya ko biyu? A hotunan intanet za ku ga mai montaji da alluna uku kamar matuƙin jirgi. Ɗaya mai gaskiya ya fi biyu masu gardama da juna. Allon kwamfutar hannunka ya riƙe fayiloli da layin yanka, sabon ya riƙe hoton kawai. In za ka samu mai juyawa ya tsaya a tsaye, madalla, tunda rabin aikinmu yanzu na TikTok ne da sitatus. Allo na uku kuwa yana aljihunka. Babu wanda zai kalli aikinka a kan IPS ɗinka. A ƙaramar Tecno ko itel za a kalla, mai tsagaggen gilashi, a gindin bishiya, mutum shida sun haɗa kai. Saboda haka kafin ka saki kowane bidiyo, tura wa kanka ta WhatsApp, fita tsakar gida, kalla a cikin rana. Sannan ka ba ƙanwarka ta kalla a tata wayar. Da na yi wannan a daren nan, minti biyu kacal, da yau ba ni da labarin ba ku.

Ɗaki ma yana cikin awo. Kar taga ta kasance a bayanka ko a bayan allo, sa labule. Rage hasken allon, yawancinsu daga shago suke zuwa a ƙure. Launin fari ka bar shi a 6500K. Saitin daren nan da ya kashe ni, ku kashe shi tun yau, a kwamfuta da waya duka. Lokacin hunturu ku rufe allo da zane in kun tashi, kuma kar ku goge ƙura da busasshen tsumma, rairayi ne, yana karce gilashi. A hure tukuna. Watan Afrilu da Mayu kuwa, yawancin allunan nan an rubuta kar zafin wuri ya wuce 40, mu kuma kun san inda muke kaiwa. A yi aikin da safe ko da dare.

Wanda kuɗinsa bai kai sabo ba, na hannu ba abin kunya ba ne, nawa ma na hannu ne. Ko a kasuwar Dole ko a titin Beirut na Kano, je da kwamfutarka da wayar HDMI taka. Ka tanadi hotuna huɗu: fari zalla, baƙi zalla, toka-toka, da fuskar wani da ka sani sosai. Fari zai tona ɗigon da ya mutu da inda ya yi rawaya, baƙi zai tona hasken da ke yoyo ta gefe. Bar shi a kunne kwata guda kuna hira da mai shago. In ya ce sauri yake, kai ma ka yi sauri ka fita. In kuma ku biyar ne a unguwa ɗaya kuke wannan sana'a, ku yi adashe ku sayi guda mai kyau, kowa ya yanka a gidansa, ya zo nan ya duba launi.

Akwai abin da ya fi duk wannan sauƙi, kuma kyauta ne. Manhajoji irin su DaVinci Resolve da Premiere suna da wasu zane-zane da ke auna haske da launin hoto da lamba, ba ruwansu da allonka. Ku koyi karanta su. In kun je ɗauka, ku sa wani ya riƙe farar takarda a gaban kyamara na daƙiƙa uku. A wajen montaji, zanen zai gaya maka ko takardar fara ce, ko da allonka ya rantse ja ce.

Ni dai yanzu, bidiyon biki ko na waƙa, ina wasa da launi yadda nake so. Bidiyon shaida kuwa, gona ce, rijiya ce, aji ne da rufinsa ya yaye, ba na taɓa launinsa sai dole, kuma ina ajiye na asali yadda ya fito daga kyamara. Har wani ya taɓa ce mini in ƙara wa wata gona bushewa don a fi tausayawa. Na ƙi. Ranar da aka kama mu da guda ɗaya, duk gonar da muka nuna bayanta za a ce montaji ne, kuma ba mu za mu kwana da yunwa ba.

Na sake fitar da wancan bidiyon ba tare da gyara ba, na koma ƙauyen da kaina na ba baba haƙuri. Ya kalla a wayata, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "To, wannan ita ce tawa."

Na zo da alluna biyu, ga su can a kan tebur, ɗaya TN ɗaya IPS, hoton gonar nan ne a kan duka biyun. Ku zo biyar-biyar, kowa ya sunkuya ya miƙe ya gani da idonsa. A bar mutanen Belbeji su fara, don su samu mota kafin la'asar.