Amsa Ga Masu Sauraro: Ƙwallon Amurka, Wasa Ne Ko Faɗa?

Takardar wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwa mai sayar da hatsi. Ya ce ya ga wata irin ƙwallo a talabijin, ƙattai sanye da hular kwano suna karo da juna kamar raguna. Yana tambaya, shin wannan wasa ne ko faɗa, kuma ina alƙalin wasa yake ake haka?

To Malam, mun gode. Wasa ne, shi Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake da hannu aka fi yinsa. Ɗan uwan zari-ruga ne. Kowane ɓangare mutum 11, babbar gasar kuma ana ce mata NFL, ƙungiyoyi 32 ne a ciki. Alƙalai kuwa su 7 ne a fili, kowa da ɗan ƙyalle ruwan ɗorawa. Wanda ya ga laifi sai ya jefa ƙyallensa ƙasa. Hukuncin mugun karo shi ne a mayar da ƙungiyar mai laifi baya yadi 15, in abin ya yi muni a kori ɗan wasan.

Amma fa ka taɓo inda su kansu masu son wasan suka daɗe suna gardama. A 1905 'yan wasa aƙalla 18 suka mutu, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira masu horar da 'yan wasa na manyan jami'o'i fadarsa, aka gyara dokoki a 1906. Daga baya hular kwano ta zama dole, mutane suka ɗauka an gama magana.

Ashe da saura. Ka ɗauki ƙwai ka girgiza shi da ƙarfi, ɓawon ba zai fashe ba, amma abin da ke ciki ya sha wuya. Haka kan ɗan Adam yake. Hular tana kare ƙoƙon kai, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa bugun ƙashi daga ciki duk lokacin da aka yi karo. Wanda ya fito da wannan magana fili kuwa likita ne ɗan Nijeriya, Dokta Bennet Omalu, mutumin jihar Anambara. A 2002, a birnin Pittsburgh, aka kawo masa gawar Mike Webster, shahararren ɗan wasa da ya rasu yana da shekara 50 bayan ya yi fama da mantuwa da ruɗewa. Da ya duba ƙwaƙwalwarsa sai ya tarar da wata cuta da ake kira CTE, irin wadda aka sani ga 'yan dambe. Ya buga bincikensa a 2005, likitocin NFL suka nemi a janye shi. Amma a 2013 hukumar ta yarda ta biya tsoffin 'yan wasa fiye da 4,500 dala miliyan 765. A 2017 kuma masana a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar mamata 111 da suka yi wasa a NFL, suka sami cutar a 110. Sai dai a lura, galibi iyalan da suka ga alamun ciwo ne suka ba da ƙwaƙwalen a duba.

Yanzu doka ta hana sunkuyar da kai a tunkuyi abokin karawa da hula, tun 2018 ke nan. Wasu 'yan kallo na cewa alƙalai sun lalata wasan da yawan jefa ƙyalle, wasu na cewa ai sun ma yi sanyi. Ni dai a ganina, alƙali ba ya jefa ƙyalle sai an riga an yi karon. Babbar magana ita ce, wa zai ce wa ɗan wasa "fito, ka huta"? Koci yana neman nasara, aikinsa na kanta. An ma taɓa dakatar da kocin New Orleans Saints, Sean Payton, shekarar wasa ta 2012 gaba ɗaya, saboda an gano ana ba 'yan wasansa kuɗi in sun ji wa abokan karawa ciwo. Shi kuma ɗan wasa yana tsoron wani ya gaje wurinsa, sai ya ɓoye ciwo, kamar manomin da zazzaɓi ya kama ranar shuka.

Ga misali. Ranar 25 ga Satumba 2022, Tua Tagovailoa na Miami Dolphins ya bugi ƙasa da ƙeya, ya tashi yana tangaɗi. Aka duba shi, aka ce ciwon baya ne, ya koma fili. Bayan kwana 4 aka sake fyaɗa shi da ƙasa, yatsunsa suka ƙage, sai a gadon ɗaukar majiyyata aka fitar da shi. Jama'a suka yi ca a kan kocinsa, shi kuwa ya ce likitoci ne suka ba da izini. Ƙungiyar 'yan wasa ta sallami likitan waje da ya sa hannu a binciken farko, a watan Oktoba kuma aka ƙara doka: duk wanda aka ga yana tangaɗi bayan karo, ya gama wasan ranar, ko me koci zai ce.

Malam, da fatan ka gamsu. Masu sauraro, a ci gaba da aiko da takardu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.