Jawabi ga Matasanmu Masu Koyon Rubuta Manhaja

'Yan'uwa, mu 'yan kasuwa mun san in mudu ya zama biyu, to rigima ta zo. Haka yake ga masu rubuta manhajar kwamfuta: in kowa ya bi salonsa, wanda ya gaji aikin ba zai iya karantawa ba. Shi ya sa a 2001 masu aiki da harshen Python suka rubuta ƙa'idarsu, PEP 8. Yau kwamfuta ake sakawa a bakin ƙofa, ta auna rubutun kowa kafin a haɗa shi da saura. Wanda ya saɓa ta mayar masa, ko da maigida ne. Yaranmu, ku saba da wannan awo tun yanzu, kada a dawo muku da kaya a wurin aiki. Allah Ya yi muku albarka.