Kafin Ka Biya Kuɗin Fili



Maganarmu ta yau a kan sayen fili ce, musamman ga jama'ar Ƙaraye da Rogo. Mutum ya sayar da amfanin gona, ya tara ɗan abin hannu, yana so ya zuba shi a ƙasa. Shawara ce mai kyau. Amma kafin ka biya, ka tambaya: filin nan na wane ne?

Na wane ne? A nan rigima take farawa. Gonaki da yawa a karkararmu na gado ne, kuma ba a raba wasu ba. Ɗa ɗaya zai sayar maka, bayan shekaru 'yan'uwansa su taso, har da mata, domin su ma suna da rabo. Don haka ka nemi magada duka. Ka je wurin mai unguwa da dagaci. A kira maƙwabta, a zaga iyaka, a rubuta, shaidu su sa hannu.

Kada ka tsaya nan. Dokar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka a karkara. Ka neme ta.

Sannan ka je da ƙafarka, kuma da damina. Gona kusa da madatsar ruwa ta Challawa tana da daraja saboda noman rani, amma wurin da ruwa ke kwanciya ba na gina gida ba ne. Dillali la'adarsa yake nema, kuɗin kuwa naka ne.