Jiyyar Ciwon Firgici Cikin Mako Biyu: Jawabin Wayar da Kan Jama'a



Maganar da ta tara mu a yau ta wani ciwo ce wanda ba ya fid da jini, ba ya kumbura, amma yana iya hana magidanci zuwa gona, ya hana uwa kula da 'ya'yanta. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. To, akwai mutanen da masifa takan auka wa, kamar harin 'yan bindiga, ko haɗarin mota, ko gobara, ko fyaɗe, jiki ya warke sarai, amma zuciya ta ƙi yarda cewa abin ya wuce. Mutum yana zaune sai abin ya faɗo masa kamar a lokacin yake faruwa. Da dare mugun mafarki ya hana shi barci, da rana ƙarar babur ta sa shi zabura. Ga yawancin mutane wannan razana takan kwanta da kanta cikin 'yan makonni. Idan ta haura wata guda tana hana mutum harkokinsa, to, ta zama ciwo, wanda likitocin Amurka suka shigar cikin littafinsu na cututtukan ƙwaƙwalwa a 1980. A wannan jawabi za mu kira shi ciwon firgici.

Kafin a fahimci maganin, lalle ne a fahimci abin da ke ciyar da ciwon, watau kaucewa. Mai ciwon yakan guji hanyar da abin ya same shi, ya guji kasuwa, ya guji ko da ambaton abin. Duk lokacin da ya kauce yakan sami sauƙi na ɗan lokaci, amma zuciyarsa ba ta samun damar koyon cewa haɗarin ya gushe. Saboda haka jiyyar da aka tabbatar da ingancinta ta baki ce, kuma fuskantar abin take sa a yi. Majiyyaci zai zauna da jami'in da aka horar, ya ba da labarin abin da ya faru daki-daki, ya sake, ya kuma sake, har zafin tunawar ya ragu. A hankali ya koma wuraren da yake gudu, in dai babu haɗari a cikinsu yanzu. Sa'an nan a duba irin tunanin da yake azabtar da kansa da shi, alal misali cewa da bai gudu ba da ƙanensa bai mutu ba. Akwai kuma wata hanya da ake kira EMDR, wadda Francine Shapiro ta bayyana a 1989, inda majiyyaci yake bin yatsan jami'i da idanu dama da hagu yayin da yake tuna abin. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da waɗannan hanyoyi biyu.

Bisa al'ada, zama ɗaya ake yi a mako, har wata uku ko kusa da haka. A nan ne gizo yake saƙa. Ciwon da asalinsa gudu ne, an ba mai shi kwana shida tsakanin zama da zama don ya sake shawara. Da yawa sukan zo sau biyu ko uku, da an kai wurin da ke da zafi sai a neme su a rasa. Wannan ya sa masana suka tambayi kansu: me zai hana a haɗa zaman duka wuri guda, kullum kullum, a gama cikin mako ɗaya ko biyu? Tsoron da aka yi da farko shi ne kada abin ya yi wa majiyyaci yawa, ciwon ya tsananta.

An gwada. A Ingila, Farfesa Anke Ehlers da abokan aikinta sun kasa majiyyata 121 gida huɗu, aka buga sakamakon a 2014. Cikin waɗanda aka yi wa jiyyar cikin kwana 7, kashi 73 cikin 100 sun warke. Cikin waɗanda aka yi wa irinta mako-mako har wata uku, kashi 77. Waɗanda aka yi ta lallashinsu da ba su haƙuri kawai, kashi 43, waɗanda ke jiran layi kuwa kashi 7. A lura da bambancin nan da kyau, domin yana nuna cewa lallashi yana da amfani, amma bai kai jiyya ba. A Amurka kuma, Farfesa Edna Foa ta gwada a kan sojoji fiye da 360 a wani babban bariki a jihar Tekzas, aka buga a 2018. Zama 10 cikin mako biyu ya yi daidai da zama 10 cikin mako takwas, kuma masu barin jiyya a tsakiya sun fi ƙaranci a cikin 'yan mako biyun. Sai dai gaskiya ɗaya ce: da yawa daga cikin sojojin nan sun sami sauƙi ne kawai, ciwon bai rabu da su duka ba. Duk wanda ya ce muku mako biyu yana wanke kowa tas, ya faɗi abin da masu binciken kansu ba su faɗa ba.

Kada wani ya ce wannan sai ƙasashen masu kuɗi. A Yuganda an gwada wata gajeriyar jiyya ta zama 4 kacal a kan 'yan gudun hijirar Sudan, inda mutum yake ba da tarihin rayuwarsa tun daga haihuwa, ana rubutawa, ana tsayawa a kan wuraren masifa. Sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna cewa bayan shekara guda kashi 29 cikin 100 ne kawai ke da sauran ciwon, alhali cikin waɗanda aka lallasa kawai kashi 79 ne.

A ganina, mutanenmu sun fi kowa bukatar wannan tsari. Manomin da ke nesa da asibiti ba zai iya biyan kuɗin mota sau goma sha biyu ba, balle da damina. Amma yana iya zuwa da rani, ya sauka wurin ɗan'uwa mako biyu, ya gama ya koma. Irin wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun 1954 marigayi Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da majiyyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro, kusa da Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, da safe su zo asibiti, da yamma su koma masauki.

Ga 'yan'uwan majiyyaci, akwai abin da ya kamata ku sani. A kwanakin farko jikinsa zai iya mutuwa, barci ya ƙara wuya, ransa ya riƙa ɓaci. Wannan ba alamar cewa jiyya ta ɓaci ba ce, kada ku ɗauke shi ku tafi. Kuma kada ku ce za ku yi masa da kanku a gida, kuna tilasta shi ya ba da labari a gaban jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan zaunar da mutum zama ɗaya tak, jim kaɗan bayan masifa, a matsa masa ya amayar da abin da ya gani, haka kuma a kan ba shi ƙwayoyin kwantar da hankali irin su Valium don wannan razana. Wanda yake maganar kashe kansa, ko shaye-shaye ya yi masa katutu, a gaya wa likita tun ranar farko, domin shi zai yanke ko jiyyar ta dace yanzu ko a fara da wani abu.

Wanda ya ga waɗannan alamu a jikinsa ko jikin wani nasa, sai ya fara da asibitin da ke kusa, ya nemi a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Gwamnatin Tarayya tana da asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, da Maiduguri, da Kware a Jihar Sakkwato, da Yaba a Legas, da Aro, da Binin, da Inugu, da Kalaba. In kun je, ku tambaya ko ana iya haɗa muku zaman cikin kwanaki kaɗan saboda nisan gida. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023 a madadin tsohuwar dokar 1958, ta ba majiyyaci haƙƙin a yi masa bayanin jiyyar da za a yi masa, a kuma rufa asirin abin da ya faɗa.