Wasa da Karatu a Ɗakin Kwamfuta: Jawabi ga Shugabannin Makarantu, Iyaye da Ɗalibai



Maganar da ta tara mu yau ita ce ta ɗakunan kwamfuta na jami'o'inmu da kwalejojinmu, da wasannin intanet da waɗansu ɗalibai ke yi a cikinsu. Wani zai ce ai ƙaramar magana ce. To, a tambayi ɗalibin da ba shi da kwamfuta tasa ta kansa, ga malami yana jiran aikin da ya ba shi, ya zo ya iske kujeru a cike, waɗansu kuwa ƙwallon ƙafa suke bugawa a allo. Wannan ɗalibi shi ne abin dubawa, gama ɗan mai hali ɗakinsa zai koma ya buɗe tasa.

Waɗannan ɗakuna dukiyar jama'a ce. Da yawa daga cikinsu an gina su ne da kuɗin asusun TETFund, wanda doka ta kafa a 2011. Tun 2015 kuma hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta kan kwamfuta, manyan makarantu da dama suka bi sawu a nasu jarrabawoyin. Na'urar da ta lalace yau, kujerar wani ce ran jarrabawa.

Kada a ɗauka ana cewa wasa laifi ne. Ɗaya daga cikin wasannin kwamfuta na farko, watau Spacewar, a ɗakin kwamfuta na jami'ar MIT ta Amurka aka ƙirƙiro shi a 1962. A ganina, hani ɗungurungum ba ya aiki. Matashi mai wayo zai sami hanyar kewaye shingen, ma'aikacin ɗaki kuwa ya koma ɗan sanda maimakon mai taimako.

Ya kamata a san inda ɓarnar take. Buga wasan kansa ba ya cin layin intanet sosai. Abin da ke shaƙe layin shi ne sauko da wasan da sabunta shi, domin babban wasa ɗaya yakan kai gigabait hamsin ko fiye. Yayin da mutum guda ke jan wannan kaya, sauran ɗakin sai su yi ta jiran shafi ɗaya ya buɗe. Sa'an nan wasannin sata da ake kawowa a filasha sukan zo da cutar kwamfuta, wadda kan bazu daga na'ura zuwa na'ura ta cinye aikin mutane. Saboda haka sai a kulle na'urorin yadda ba mai iya sa sabon abu a kansu sai ma'aikaci, kuma kowane ɗalibi ya shiga da lambarsa, don a san wanda ya zauna da tsawon zamansa.

Bayan wannan sai a tsai da lokaci. Da rana, da makonnin jarrabawa, karatu kawai. Da maraice ko ran Asabar a ware 'yan na'urori a gefe domin wasa, da sharaɗin mai wasa zai tashi in mai aiki ya zo. Caca kuwa, ko da ta sa rigar wasa, ba ta da gurbi ko kaɗan.

Iyaye, ga taku. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sa jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtuka. Ba kowane mai wasa ake nufi ba, sai wanda wasan ya fi ƙarfinsa, ya bar karatu da barci da jama'a, yawanci har tsawon wata 12. Irin wannan yaro, kora daga ɗakin kwamfuta ba ta warkar da shi. Ofishin ba da shawara na makaranta ko asibiti za a kai shi.

Ana roƙon shugabanni su zauna da ƙungiyar ɗalibai kafin a rubuta dokar ɗakin, a kuma manna ta a bakin ƙofa tun makon farko na zangon karatu.