Daga ganima zuwa rigar alƙali: tarihin kalmar "robe"



Kalma guda na zo da ita yau, kuma kusan kowa a zauren nan yana da ɗan gutsurenta a ɗakinsa. In an je jeren amarya, bayan gado da madubi sai an tambayi wadirob. Ƙarshen wannan suna, wato "rob", shi ne abin da zan bi sawunsa.

A Faransanci, robe ita ce doguwar rigar mace, kuma ita ce rigar da lauya da alƙali ke sawa a kotu. Mutanen Sifaniya suna cewa ropa, ma'ana tufafi baki ɗaya. A Fotugal roupa ce. Italiyawa kuwa sun buɗe ta sosai: roba a bakinsu kaya ne, tarkace, dukiya, duk abin da hannu ya mallaka. Waɗannan harsuna huɗu 'ya'yan Latin ne, amma in ka duba Latin ɗin Rumawa ba za ka tarar da kalmar ba. Su vestis suke cewa.

Daga ina ta faɗo? Masana asalin kalmomi, tun daga Friedrich Diez wanda ya fitar da ƙamusunsa a 1853, sun mai da ita ga wata tsohuwar kalma ta ƙabilun Jamus, rauba. Ma'anarta ganima, abin da aka ƙwato a fagen fama. Lokacin da daular Rum ta yamma ta rushe a 476, ƙabilun nan ne suka gaje ƙasa: Faranka a inda Faransa take yanzu, Bisigot a Sifaniya, sannan Lambad suka shiga Italiya a 568. Sun bar harshensu sun kama na talakawan da suka ci da yaƙi, amma kalmomin yaƙi sun zauna. Har gobe Bajamushe yana kiran fashi Raub. Sata a Italiyanci rubare ce, a Sifaniyanci robar, Bafaranshe yana cewa dérober, Ingilishi yana da rob. Riga da fashi uwarsu ɗaya.

Ina roƙon ku tsaya nan tare da ni, don a nan zancen yake. Akwai wani dogon ƙyalle da ake kira da sunan garin Bayeux na Faransa, mai tsawon kusan mita 70, an yi masa aikin allura da zaren ulu, yana ba da labarin yaƙin Hastings na 1066, inda mayaƙa daga Faransa suka ci Ingila. A tsakiya dawakai ne da masu da jarumai. Amma ku sauke ido zuwa gefen ƙasa, can wajen ƙarshe. Za ku ga gawarwaki a zube, ga wasu mutane sun sunkuya suna zare musu sulke ta kai, kamar yadda uwa ke tuɓe wa yaro riga, an bar mamatan tsirara. Duk lokacin da na kalli wannan hoto jikina yakan yi sanyi. Abin da ke hannun masu sunkuyon nan shi ne rauba.

Me ya sa tufa ta zama ita ce ganimar, har ta ƙwace sunan? Domin kafin injin kaɗi ya bayyana a Ingila cikin shekarun 1760, kowane zare da hannu aka murza shi. Wanda ya taɓa ganin kakarsa da mazari da alli, tana kaɗi tun hantsi har la'asar, abin da ta samu bai cika tafin hannu ba, ya san abin da nake nufi. Riga ɗaya aikin makonni ce. Ana gadonta, ana jinginar da ita, ana rubuta ta a wasiyya. Sojan da ya ci nasara ba zai iya saɓa gona a kafaɗa ba, amma riga tana naɗuwa.

Bayan yaƙin Hastings Faransanci ya zama harshen fada a Ingila, ta nan robe ta ƙetare teku. Ɗakin ajiyar tufafi, garde-robe, wanda a bakin mutanen arewacin Faransa yake farawa da "war", shi ya zama wardrobe, shi kuma Turawan mulkin mallaka suka kawo mana.

A Faransa kalmar ta yi hawan da ya fi ba ni mamaki. Kafin juyin juya halin 1789, masu sarauta kashi biyu ne: na takobi, waɗanda suka gaji girma daga kakanni mayaƙa, da na riga, noblesse de robe, wato manyan alƙalai da ma'aikatan sarki waɗanda muƙami ya ɗaukaka su. Kalmar da aka haifa a kan gawa, ita ce ta koma sunan masu hukunta ɓarawo.

Wani ɗalibi ya tambaye ni a ƙofa ko duk sunayen tufafin Turai daga ƙabilun Jamus suka gangaro. A'a. Siket ɗin mace a Faransanci jupe ne, Italiyanci yana da giubba, kuma dukansu daga jubba ta Larabci suka fito, wadda mu ma muka ara muka ce jabba. Wannan kuwa lacca ce mai zaman kanta, sai in Allah ya sake haɗa mu.